Wa Ya Rufe Ƙyauren Lorraine?

Shekara tara ke nan da muka sayar da gidanmu na garin Ballarat, can kudu, ni da mijina Merv, muka sayi ɗaki mai taya muka ɗaura wa mota. Ba korarmu aka yi ba, ba kuma talauci ba ne. Gajiya muka yi da yankan ciyawa da kallon katangar maƙwabta. Tun daga ranar, 'yarmu Narelle ta hana ni sakat. Duk Lahadi sai ta kira: ta samo mana ɗaki kusa da ita can kudu, Baba ya haura saba'in da biyar, in wani abu ya faru a daji fa? Amsata ɗaya ce, sai dai a kai mata gawata. Gara in mutu a bakin tafki ƙuda na bina da in zauna ana miƙo mini shayi a kofin roba.

Kowace shekara muna yada zango a gonar Lorraine Pask, can yammacin jihar Queensland, gonar da za ka yi awa biyu kana tuƙi ba ka fita daga cikinta ba. Lorraine ta bar matafiya irinmu su sauka a bakin tafkinta kyauta. Sharaɗinta shi ne na kowane mai shanu a ƙasar nan: yadda ka tarar da ƙyaure, haka za ka bar shi. In a rufe yake, ka rufe. In a buɗe, kada ka taɓa, mai shi ya san dalili.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga motarta a guje, ta ci burki har ta kusa take mini butar shayi.

"Glenys, shigo. Zo ki ga aikin mutanenki."

Na shiga, ta kai mu shingen waya. Warin ne ya fara tarbarmu. Shanu goma sha ɗaya a kwance jikin shingen, har da maruƙa uku, hankaki sun riga sun cire idanun. Kwamin ruwa yana nan a cike a ɗaya gefen, bai fi taku talatin ba. Ƙyauren da ke tsakaninsu a rufe, an ma naɗe sarƙar da kyau.

"Da hannuna na buɗe shi ranar Lahadi don su riƙa zuwa sha," in ji Lorraine. "Wani mai hankali ya zo ya taimake ni. Kwana uku a wannan zafin! In ban ji sunan wanda ya yi ba zuwa gobe, kwaɗo zan sa wa babbar ƙofa. Kowa ya tattara komatsansa, har ke."

Ni ai na riga na san mai laifin. Akwai wasu yara biyu da suka sauka kusa da mu, Tahlia da saurayinta, da motarsu mai zanen furanni. Ba sa iya dafa ƙwai sai sun ɗauki bidiyo. Irinsu ne ke jawo mana baƙin jini, su sayi mota jiya, yau su ce su 'yan daji ne. Ina sauka na yi kansu, ƙafata mai ciwo ma na manta da ita.

"Ke, mai waya! A gidanku ba a koya miki barin abin da ba naki ba? Kun kashe wa baiwar Allah shanu, kun kashe mana wurin zama, sai ku ɗauki wannan ma ku nuna wa duniya!"

Na wanke su tas. Saurayin ya yi tsuru-tsuru da cokali a hannu. Ita kuwa yarinyar ta jira har numfashina ya ƙare.

"Mama, kin gama? To duba nan."

Ta miƙo mini wayar. Ga su ranar Litinin da rana suna wuce ƙyauren, a buɗe, tana ma yi wa masu kallonta bayanin dokar da wannan muryar tata ta iyayi. Suka wuce ba su taɓa shi ba. A bayansu kuma, cikin ƙura, ga wata mota ta tsaya, wani dogon tsoho mai hular kaba yana fitowa.

Ranar Litinin gwiwata ta kumbura, Merv ya tafi gari shi kaɗai sayo tukunyar gas. Shekara tara shi ke tuƙi, ni ke sauka a kowane ƙyaure. Ranar ce kaɗai ban bi shi ba.

Na tarar da shi a inuwa yana gyara igiyar kamun kifi.

"Tsoho, ranar Litinin ka taɓa ƙyauren kwami?"

"Na rufe mana." Ko ɗagowa bai yi ba. "Wani sakarai ya bar shi a hangame. Kin san halin Patch, da ya ga hanya sai titi."

Patch karenmu ne. Shekara goma sha huɗu da mutuwarsa, Merv da kansa ya haƙa masa rami a gindin lemo a Ballarat.

Ban taɓa jin fushi irin na wannan lokacin ba, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Na so in shaƙe shi. Na so in fasa wayar yarinyar. Na fi jin haushin Narelle, da take zaune a falonta mai sanyi, ba ta taɓa kwana a daji ba, amma ita ce da gaskiya. Don na sani. Tun bara na sani, ranar da ya kira ni da sunan ƙanwarsa, da ranar da ya tsaya a mararraba da muka bi sau ashirin yana tambayata ina ne nan. Na ce gajiya ce. Duk Lahadi ina ce wa Narelle Baba garau yake, don kada a ƙwace mini hanya.

Da la'asar na ɗauki makulli na tuƙa kaina zuwa gidan Lorraine. Na same ta tana ɗaura wa tarakta sarƙar jan mushe. Na faɗa mata komai, ban rage ba.

Ta ajiye sarƙar. "Tun yaushe kika lura?"

"Tun bara."

"Kuma kika bar shi ya fita shi kaɗai a gonata." Ta goge hannu a wando. "To ba Merv ya kashe mini shanu ba, Glenys. Ke ce."

Ta ce ba za ta rufe wa sauran ƙofa ba. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Su Tahlia kuwa na ba su haƙuri a tsaye, a gajarce.

Da na koma, Merv ya shimfiɗa taswira a kan tebur ya danne gefenta da gwangwanin sukari. Fuskarsa wasai, kamar ranar da muka fara fita.

"Tsohuwa, na ga kina naɗe rumfa. Gobe ina muka nufa? Arewa ko yamma?"

"Kudu."

"Kudu? Me muka ajiye a kudu? Ai sanyi ne kawai da mutane."

"Na sani," na ce. Na ja taswirar daga ƙarƙashin hannunsa na ninke.