Asiya Ba Za Ta Damagaram Ba

Sanƙarau ya kama Asiya tana ƙarama. Ya bar wa Salamatu 'yarta da rai, amma ya tafi da jinta. Tun daga lokacin uwa da 'ya suke hira da hannu, irin maganar da su biyu suka ƙirƙiro a tsakar gidansu na tsohon garin Agadez. Ga alamar ruwa, ga ta yunwa, ga ta “ina son ki”, wadda suke yi da ɗora tafi a ƙirji a miƙa shi gaba.

Da lokacin shiga lakwal, wato makarantar boko, ya yi, Salamatu ta yi mata kitso, ta riƙo hannunta har ofishin direkta, shugaban makarantar, Malam Lawali, wanda ake ce wa Mushe Lawali irin na Faransanci.

“Maman Asiya, ba mugunta ba ce,” in ji shi. “Ba mu da malamin kurame. In na sa ta aji, zama kawai za ta yi tana kallon bakin mutane. Ki kai ta Damagaram, can akwai makarantarsu.”

“Mushe, a nemo malamin mana.”

“A nemo? Don yarinya ɗaya?”

Damagaram! Yarinyar da ba ta iya barci sai ta riƙe bakin zanen uwarta. Salamatu ta fito hawaye na zuba, Asiya na share mata da ɗan yatsa. Ko mijinta Illiya, direban mota a hanyar Dirku, da ya dawo ya ji, cewa ya yi cikin sanyin murya, “Salame, ko mu haƙura mu kai ta? Ilimi ai ya fi kewa.”

“Ilimin a nan garin za ta yi shi, ina ganinta tana ganina.”

Ta koma wajen direkta, ta sake komawa, har mai gadi ya fara sunkuyar da kai in ya hango ta. Daga ƙarshe ta ɗauki kaskonta na suyar awara, ta kafa murhu a ƙofar lakwal, gefen matan da ke sayar wa yara abinci lokacin hutun safe. A ranta cewa ta yi, in sun hana yarinyar shiga, to kullum sai sun gan ta. Ita tana suya, Asiya ce mai miƙa wa yara.

Ranar farko yara suka yi ta ihu a kan Asiya, “Ke! Sa mini yaji!” Ita kuwa sai kallo da murmushi. Salamatu ta ƙi sa baki. Wata yarinya ta gaji, ta kaɗa hannu a gaban bakinta kamar mai fifita harshe. Asiya ta ƙyalƙyale da dariya, ta gyara mata yatsun, ta barbaɗa mata yaji har da gyara. Shi ke nan. Kafin wani lokaci duk mai son awara ya iya cewa “ƙara”, “ya isa”, “na gode” da hannu. Daga nan suka wuce zancen awara. Suna kewaye Asiya a gindin bango, su nuna mata raƙumi, su nuna mata hasumiyar babban masallaci, ta ba su alamar kowanne. Salamatu na juya awara tana kallon 'yarta a tsakiyar ƙawaye, zuciyarta kamar ta fashe don daɗi, sai dai da an kaɗa ƙararrawa duk su watse, su bar Asiya ita kaɗai tana leƙen ƙofa.

Wata safiya mai gadi ya zo. “Maman Asiya, direkta na kira.”

Salamatu ta sauke kaskon. Ta tabbata korar ta za a yi daga ƙofar. Ta goge hannu, ta jawo Asiya suka shiga. Ga Mushe Lawali zaune, ga Madam Kadidiya, malamar ajin 'yan fari, tsaye da tabarau a kan hanci.

“Kin ga abin da 'yarki ta yi mini?” in ji Madam Kadidiya. “Ajina tsit, ko tari babu. Ina juya baya ina rubutu, na waiwayo in tarar kowa na kyarma da dariya. Hira suke da hannu! Wa zan kama? Kuma mene ne wannan?” Ta tura yatsa a karan hancinta.

Asiya ta toshe baki. Salamatu ta sunkuyar da kai. “Madam, sunanki ne. Saboda tabarau.”

Mushe Lawali ya fashe da dariya har da buga tebur. “To ni fa?”

Asiya ta karanci fuskarsa, ta shafa tsakiyar kanta inda shi ba shi da gashi. Wannan karon Madam ce ta riƙe ciki.

Da dariya ta lafa, Salamatu ta ɗago kai. “Mushe, ka ce don yarinya ɗaya. Yanzu aji guda ne ke magana, malamarsu ba ta ji. Yarinyar da ta koya musu kuma tana waje cikin rana.”

Mushe Lawali ya daɗe yana kallon Asiya, sannan ya ɗauki hularsa. “Me kike so a yi mata?”

“Bencin gaba. Madam ta riƙa fuskantar ta in tana magana. Da malamin da ya san yaren kurame na gaskiya, don namu na gida ba ya kaiwa ga lissafi.”

“Ni ma ya koya mini,” in ji Madam Kadidiya. “Na gaji da gulmata a gabana.”

A ranar direkta ya tafi wajen shugabannin ilimi na gari. An ja shi da “sai gobe”, bai fasa zuwa ba, wani lokacin har da Salamatu a bayansa. Kafin hutun makaranta aka turo Malam Ilyas, wanda ya yi horon koyar da kurame.

Ranar da Asiya za ta fara shiga aji, Illiya ya ƙi ɗaukar lodi, ya zo ya tsaya kusa da matarsa. An kaɗa ƙararrawa, yara suka ruga, wannan karon da Asiya a tsakiyarsu, allonta a hammata. A bakin aji ta tsaya, ta juyo, ta ɗora tafi a ƙirji ta miƙo shi.

“Salame,” in ji Illiya, idonsa jawur, “awararki na ƙonewa.”

“Bar ta ta ƙone,” ta ce, ta mayar wa 'yarta alamar da hannu biyu.