Mage a Bayan Ƙofa

A shagon ɗinkin da nake aiki ba a kiran kowa da sunansa. Ni ce Mai Maɓalli, domin aikina ke nan, in zauna kusa da taga in yi ta ɗinka maɓallai da hannu. Mai keken ɗinkin da ke kusa da ni ita ce Mai Zif. Akwai Mai Guga, dattijuwa mai tsokana, sai Anti mai shagon. Rediyo yana kan kanta, ba a kashe shi sai an tashi.

Duk ranar Talata da ƙarfe huɗu akwai wani shiri da muke saurare. Ana gayyato mutum ɗaya ya zo da kaset ko faifan da ya fi so a duk rayuwarsa, a sa waƙoƙin, ya faɗi abin da suke tuna masa. Idan an gama sai shagon ya kaure, kowa na faɗin nasa. Ni dai ina jin su.

"Mai Maɓalli fa?" in ji Mai Guga wata rana. "Ko ke ƙarar keke ce waƙarki?"

Aka yi dariya, na sunkuyar da kai. Amma a hanyar gida Mai Zif ta riƙe mini hannu ta ce, "Ni dai faɗa mini. Na san kina da shi."

Shekara uku muna cin abinci a kwano ɗaya da ita. Ita ce ke magana a madadina idan mai kaya ta zo tana faɗa. Don haka na faɗa mata.

Kaset ne na wata mawaƙiya mai jita, waƙa goma. Ba na asali ba ne, mai sayar da kaset ne ya kwafa wa Innata a kan fanko, ya rubuta sunan da jan biro. Inna tana sa shi idan tana wanki. Wata rana, ina 'yar shekara shida, ta zo juya shi da hannu duk kumfa, sai ta danna jan maɓalli tare da na kusa da shi. Rikodar ta share tsakiyar waƙa ta tara, ta ɗauki abin da ke faruwa a tsakar gidanmu. Ana jin ruwa na zuba a bokiti. Sai muryar Inna: "Mage! Fito daga bayan ƙofar nan, ina ganin ƙafarki." Sai ta yi dariya.

Ni ce Mage. Haka take kirana don ba a jin tafiyata, kuma in baƙo ya shigo sai in ɓuya. Ta rasu ina da shekara goma sha ɗaya. Ba mu da muryarta a ko'ina sai a wannan wuri.

Mai Zif ta share hawaye da gefen mayafinta. Ta ce, "Kin san zaren kaset yana tsinkewa? Yayana yana iya juye shi a waya. Ki kawo, kwana biyu ya gama."

Na naɗe shi a hankici na kawo mata. Kwana biyu suka wuce. Mako ya wuce. Kullum sai ta ce yayan nata ya yi tafiya, ko injinsa ya lalace. Ban matsa ba, kunya nake ji kada ta ga kamar ban yarda da ita ba.

Ranar Talata ta ce haƙori na damunta, ta fita tun azahar. Ƙarfe huɗu Anti ta ƙara sautin rediyo. Ina zura zare a allura na ji mai gabatarwa yana cewa baƙuwarsa ta yau tela ce. Sai na ji gaisuwa da muryar da na sani.

"Kai! Mai Zif ce!" Mai Guga ta ajiye dutsen guga. "Haƙorin ke nan?"

Kekuna suka tsaya. Aka sa waƙa ta farko, jitar nan da na sani kamar numfashina. Mai Zif ta ce mahaifiyarta ce ke sa kaset ɗin idan tana wanki. Ta faɗi kumfar hannu, ta faɗi jan biro. Har inda na yi shiru lokacin da nake ba ta labari, ita ma a nan ta yi shiru. Mahaifiyarta kuwa tana nan da ranta, ita ce ma ta kawo mata abinci shagon a makon da ya wuce. Ba ta ce ta rasu ba, ba ta kuma ce tana raye ba.

Sai aka sa waƙa ta tara. Ruwa ya zuba a bokiti, Innata ta yi magana a kan kantar Anti, tsakanin kwalin zare da almakashi.

"Wace ce Mage?" in ji mai gabatarwa.

Na jira. Wallahi ko a lokacin, da a ce ta amsa da "ƙawata ce", da na yafe mata.

"Magenmu ce," in ji ta. "Wata baƙa, ɓarauniyar kifi. Kullum tana bayan ƙofa."

Mai gabatarwa ya yi dariya har da tari. Shagon ma ya ɗauka. Allura ta shige mini yatsa, jini ya ɗiga a farar rigar da ke cinyata, na danne wurin da babban yatsa har aka gama shirin.

Washegari Mai Zif ta shigo da sabon mayafi. Mai Guga ta tare ta da kukan mage, Anti tana cewa, "Ga tauraruwarmu." Da ta zauna, ta turo mini hankicin ta ƙarƙashin tebur ba ta dube ni ba.

"Kada ki ɓata rai," ta ce a hankali. "Ke ai ba za ki iya zuwa ba. Labari mai daɗi haka ya zauna a akwati?"

"Kin ce mage ce."

"To me zan ce? Tambayar ce ta zo mini ba shiri. Wasa ne, ƙawata."

Na dubi rediyon. Yana da gidan kaset wanda ba a amfani da shi, Anti tana ajiye allurai a ciki. Na tashi na nufe shi. Na kwashe alluran na zuba a murfin gwangwani, na sa kaset ɗin.

"Ke, lafiya?" in ji Anti.

"Anti, don Allah a tsayar da keke."

Ban taɓa roƙon komai da ƙarfi a shagon ba, shi ya sa aka tsayar. Na kai zaren kaset ɗin wurin muryar Inna, na murɗa sautin har ƙarshe. Akwai abin da ban faɗa wa Mai Zif ba, don ba a jin sa sai an ƙure sauti an kuma yi tsit. Ruwa ya zuba. Inna ta kira, ta yi dariya. Bayan dariyar, can nesa, wata 'yar siririyar murya ta ce, "Inna, ba ni ba ce."

Sai jita ta dawo.

"Mage ba ta amsawa," na ce. "Ni ce. Innata ce."

Mai Guga ta dafe baki. Anti ta juya ta dubi Mai Zif ta ce, "Ke da uwarki ke kawo miki abinci?" Mai Zif ta jawo wani wando ta fara farke zif ɗin da ba abin da ya same shi.

Na cire kaset ɗin na mayar da alluran inda suke. Mai Guga ta karɓi farar rigar nan ta ce za ta fitar da jinin, ta ce in yafe mata kukan magen. Na ce ba komai.

Da rana na ci abincina ni kaɗai a bakin taga. Da aka tashi na ɗauki kujerata na mayar da ita kusa da teburin guga, inda zafi yake, Anti ba ta hana ni ba.

A gida na sa kaset ɗin a tsohuwar rikodar Inna. Zaren bai lalace ba, komai yana nan. Amma da Inna ta ce "Mage", kafin dariyarta ta zo sai na ji dariyar mutumin rediyo da tarinsa. Na mayar baya na sake sawa. Haka dai. Na sake, sau huɗu, sannan na kashe, na naɗe shi a hankici na tura ƙasan akwati.

Ranar Talata da ƙarfe huɗu Anti ta miƙa hannu za ta ƙara sauti, ta dube ni, sai ta canza tasha.