Hannun da ke Goshin Jirgi

Dukan farko a kafaɗa ya same shi, Baba Masassaƙi bai ko girgiza ba. Na biyun ne, da aka kawo da gefen filafilin tuƙa jirgi ta haƙarƙari, ya durƙusar da shi a cikin laka. Hularsa ta faɗa ruwa, ruwa ya tafi da ita.

Malama na saukowa daga firamaren da take koyarwa, rungume da littattafan 'yan aji huɗu, ta hango cincirindo a mashigi. Ta ɗauka ɓarawon inji aka kama. Sai da ta kutsa ta ga furfurar maƙwabcinsu, mutumin da katanga ɗaya ta raba gidansa da nasu tun ba a haife ta ba.

A gefe ga gawa biyu an rufe da tabarma. Ga kuma rabin kwalekwale da aka jawo bakin gaɓa, ya dare tun daga ciki kamar tsohuwar ƙwarya. A goshinsa akwai tambarin da ko yaro ya sani: tafin hannu da aka ƙona da ƙarfe, ƙaramin yatsansa a gutsure.

Dogo masunci, wanda ƙanensa da surukinsa ke kwance ƙarƙashin tabarmar, ya shaƙi wuyan rigar tsohon ya ɗago shi.

"Hannun wa ke jikin jirgin nan? Faɗa jama'a su ji!"

"Nawa ne."

"Ba iska, ba hadari, ruwa kwance luf! Jirgi wata huɗu ya buɗe baki ya haɗiye mini mutum biyu! Tsohon banza, tsufa ya ci idonka ka ƙi ajiye gizago!"

Ya sake shi, ya bi shi da ƙafa. Wani ya kawo gora, wani ya kawo igiyar taru mai dalma a jiki. Tsohon bai kare kansa ba, sai dai ya cusa hannayensa biyu a ƙarƙashin cikinsa kamar mai ɓoye abin sata.

Malama ta watsar da littattafan ta faɗa kansa.

"Ke 'yar boko, matsa!"

"Ba zan matsa ba. Ku haɗa da ni, ai ƙarfin ne da ku."

Gorar da aka riga aka ɗaga ta sauka a bayanta. Ta ji ta har cikin haƙoranta, amma ba ta yi kuka ba. Ta ɗago kai tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin ajin da ɗan kowannensu yake. Wannan ne ya sa suka ja da baya. Mutum ba ya son a tuna masa gobe ɗansa zai zauna gaban wadda ya doka.

Ita da mahaifiyarta Inna da wani mai tura kura suka kai Baba gida.

Shekara arba'in ke nan a bakin ruwan nan, in an ce jirgi to Mai Hannu ake nufi, wato ƙirar Baba mai tambarin nan, sauran kuwa akwatuna ne. Mutum kan jira damina biyu kafin layi ya zo kansa, ya kuma biya ninkin na kasuwa bai yi ƙorafi ba. Uba kan ce wa ɗansa, "Sayi tarun banza in ka ga dama, sayi ƙugiyar da kake so, amma abin da zai raba ɗuwawunka da ƙasan kogi, Mai Hannu." Da aka kawo jiragen roba masu sheƙi daga birni, masunta suka zagaye su, suka ƙwanƙwasa, suka ce a kai wa yara su yi wasa. Har akan ji mace tana gori a bakin famfo, wai mijinta Mai Hannu yake tuƙawa.

Ƙarfen da ake buga tambarin da shi yana rataye a ƙusa, a bangon ɗakin Baba, daidai saman gadonsa. Can Malama ta gan shi lokacin da suka kwantar da tsohon. Malamin asibitin da ta kira ya tattaɓa ƙirjin, ya ja ta waje ya ce haƙarƙari uku sun karye, ɗaya ya huda ciki, a kai shi babban asibiti yanzu. Baba ya ji ta taga, ya ce ba inda za shi.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗa guda gare shi, wanda ake kira Ɗan Gayu, mai rumfar sayar da taru da ƙugiya da man inji a mashigin ƙasa. An aika masa sau biyu, bai zo ba.

Da la'asar Malama ta zauna tana goge masa jinin da yake tari, tana juya zoben da ke yatsanta. Ƙusar jan ƙarfe ce, irin wadda yake haɗa jirgi da ita, ya lanƙwasa mata tana 'yar shekara tara, lokacin da takan zo ƙarƙashin rumfarsa ta yi aikin makaranta a kan katako. Har yau zoben bai canza launi ba.

"Baba, kai ka ƙera jirgin nan?"

"Ba ki ji abin da na faɗa wa Dogo ba?"

"Na ji. Ni ba Dogo ba ce."

"Boko dai ya lalata ki," in ji shi, yana son yin dariya tari ya hana. "Uwata, je ki huta, bayanki ya kumbura."

Inna ma ta ja ta gefe. "Ke ba kya ji ne? An kashe maciji, ke za ki je tonon raminsa? Mutum biyu aka binne yau. Ki bar maza da maganarsu."

"Mazan ne suka taru a kan tsoho ɗaya, Inna. Na ga maganar tasu."

Washegari da hantsi ba ta je makaranta ba. Ta ɗauki guduma da kurfi daga rumfar Baba, ta ratsa ta gaban masu zaman makoki a ƙofar gidan Dogo, ba ta rage tafiya ba, ta gangara mashigi. Ta durƙusa gaban ɓarin jirgin ta fara ɓamɓarar katako. Ƙarar gudumar ce ta taso da su.

Ƙusar farko da ta fito baƙar ƙusa ce irin ta rufin kwano, tsatsa ta cinye ta har ta zama kamar tsinke. Ta kankare fenti, katakon ya fito fari fat. Ta danna farce, farcen ya nutse.

Dogo ya iso kanta. "Uban wa ya ce ki taɓa?"

"Duba nan."

Ya kwaɗa mata mari da bayan hannu, leɓenta ya fashe. Ta faɗi zaune, ta tofar da jini, ta miƙe. Ta zare zoben ta haɗa shi da ƙusar a tafin hannunta, ta ɗaga sama yadda na baya ma za su gani.

"Wannan shekara goma sha shida tana hannuna, ina wanki da ita, ina wanke-wanke. Wannan kuma wata huɗu. Ku da kuke cewa kun san jirgi, wane ne a cikinku ya taɓa ganin baƙar ƙusa a jikin Mai Hannu? Wane ne ya taɓa ganin Baba ya sassaƙa rimi? Shekara arba'in da katakon maɗaci yake yi muku jirgi, jiya kuka biya shi da gora!"

Wani tsohon masunci ya karɓi ƙusar, ya murza, ta karye a yatsunsa. Ya tsuguna ya shinshina katakon.

"Yarinyar nan ta yi gaskiya. Wannan ko akurkin kaji ba zai yi ba."

"To tambarin fa?" in ji Dogo. "Ga yatsan nan a gutsure. Ƙarfensa ne, babu biyunsa."

"A hannun Baba ƙanenka ya saya?" Malama ta tambaya.

Dogo ya dubi ɓarin jirgin. Can ya ce, kamar mai magana da kansa, "A rumfar Ɗan Gayu. Ya ce tsoho ya ajiye wasu a wurinsa. Babu jira, kuma rabin kuɗi."

"Mai Hannu, ba jira, rabin kuɗi?" in ji tsohon masuncin. "Kai Dogo! Goshin kuka duba, ba wanda ya leƙa ciki?"

Sai da ta ga maza sun juya gaba ɗaya sun nufi mashigin ƙasa da gudu, wasu na tsintar duwatsu, sannan abin ya faɗo mata. Ta tuna watan da Baba ya yi a asibitin ido bara, ɗakinsa a hannun ɗansa, ƙarfen tambarin na ciki. Ta tuna yadda ya ce "nawa ne" bai ƙara ko kalma ba. Ta tattare zaninta ta bi su.

Kafin ta isa rumfar ta kama da wuta. Taruna na narkewa suna ɗiga, jarkokin mai na fashewa. A bayan rumfar an yaye tamfol, ga sababbin jirage uku, fenti na ƙyalli, kowanne da hannu a goshi. An jawo Ɗan Gayu daga ƙarƙashin ɗaya, farar shaddarsa ta zama ja. Mutum huɗu suka danne shi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan tambarin, yatsa kan yatsa. Dogo ya ɗaga dutsen da ake ɗaure jirgi da shi.

Ƙarar da Ɗan Gayu ya yi ba ta mutum ba ce. Dogo ya sake ɗaga dutsen, wannan karon daidai kai.

Malama ta cusa kanta tsakaninsu, ta kama gashin Ɗan Gayu ta ɗago fuskarsa.

"Guda nawa ka sayar? Yi magana, ɗan iska! Nawa?"

"Ba... bakwai."

Ta juya ga Dogo, dutsen na saman kanta ita ma. "Ka ji? Ɗaya ya nutse, shida suna kan ruwa yanzu haka, da 'ya'yan mutane a ciki. Fasa kansa mana. In ka fasa, sai ka gaya mana na wa da na wa ne."

Dogo ya sauke hannunsa. Ya jefar da dutsen gefe, ya zauna a ƙasa ya rushe da kuka kamar yaro. Ɗan Gayu ya shiga lissafo masu jiragen yana haki, kowane suna ya fito sai ka ji wani ya yi salati ya ruga bakin ruwa yana ƙwala kira.

Rana ta take tsaka sa'ad da ta shiga ɗakin Baba. Inna na yi masa fifita. Hayaƙin mashigin ƙasa har nan ake jin ƙaurinsa. Ya dubi leɓenta, ya dubi gudumarsa a hannunta.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Na riga na biya, uwata. Da jikina na biya. Da kin bari ya wuce a kaina."

"Shida suna kan ruwa, Baba, da hannunka a goshinsu. Su ma ka biya?"

Ya rufe ido. Ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. Sannan ya ce, "Shida? Ce mini ya yi guda ɗaya ne."

"An tafi kiransu."

"Shi fa?"

"Yana da rai. Sun farfasa masa hannu."

"Wanne?"

"Na dama."

"Da ma bai taɓa iya riƙon gizago ba," in ji Baba. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige cikin kunne, Inna ta sa bakin mayafi ta share.

Bai bar su sun huta ba yinin nan. Duk wanda ya leƙo sai ya tambaye shi jirage nawa suka fito. Uku da azahar. Biyar da la'asar. Na shidan ya yi nisa, sai washegari da hantsi aka jawo shi, ruwa ya kai masu shi idon sawu suna ta kwalfewa da gwangwani. Tsohon masuncin ne ya kawo labari, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu. A bayansa ga Dogo, ya kasa shigowa, ya kasa tafiya.

"Ce wa dogon nan ya shigo ko ya matsa, ya tare mini iska," in ji Baba.

Dogo ya shigo a durƙushe, ya kifa goshinsa a bakin gadon. Baba bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya dai ɗora hannu a ƙeyarsa ya bar shi nan. Sannan ya nuna bango da ido.

"Uwata, sauko da shi."

Ta sauke ƙarfen. Ya fi yadda take zato nauyi.

"Dogo zai kai ki tsakiyar ruwa, inda gora ba ta taɓa ƙasa. Ke za ki sake shi da hannunki. Ke kika fara, ke za ki ƙarasa."

"To, Baba."

"Kuma ki koma makaranta, 'ya'yan mutane na can suna cin ƙaniyar juna."

Kafin azahar ya cika, Inna na riƙe da kansa.

Bayan kwana uku Dogo ya tuƙa ta a tsohon Mai Hannun ubansa, wanda ya girme ta da shekara goma, cikinsa a bushe ƙamas. Ta saki ƙarfen, ruwa ya rufe a kansa.

Da ta dawo ta shiga ɗakin Baba don ta share ta kulle. An naɗe katifa, an jingine tabarma. Shekara da shekaru hayaƙin rumfa ya baƙanta bangon, sai wuri ɗaya ƙarƙashin ƙusar, inda farar ƙasa ta rage yadda take: tafin hannu a buɗe, ƙaramin yatsansa gajere. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonsa. Ta share ko'ina, ta bar bangon, ta ja ƙofa.