Kunnen Mai Agogo

Shekara arba'in da shida Mai Agogo ya yi yana cin abinci da kunnensa na dama. Kafin ya buɗe bayan agogo sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, ya faɗa wa mai shi inda ciwon yake. Ran wata Talata ya tashi ya ji kunnen ya toshe ɗif, kamar an cusa masa auduga. Na hagun dama tun yana saurayi rabi-rabi yake ji.

Matar babban ɗansa ce ta raka shi asibiti. Likita ya duba kati, ya ga shekarar haihuwa, to daga nan fa bincike ya ƙare.

"Malama, tun yaushe Baba ya fara haka?" ya tambayi surukar.

Mai Agogo ya karanci bakinsa. "Likita, ga ni nan ai. Ran Litinin ras nake ji. Tsufa ba ya zuwa wa mutum rana ɗaya."

Likita ya yi masa irin murmushin da ake yi wa yaron da ya yi wayo. "Baba, sai haƙuri, shekaru ne." 'Yar fitilar leƙa kunne tana aljihun rigarsa, Mai Agogo yana kallonta har suka fita.

Bayan mako biyu aka turo ma'aikaciyar kula da tsofaffi gida, da takardarta mai gurabe. Ta tarar da shi a ɗaki ya dafa bakin sukudireba a jikin wani agogo, ya ciji ƙotar, idonsa a rufe. Tsohuwar dabara ce ta masu sana'ar: ƙara tana bi ta haƙori ta shiga kai, ko kunne ya ƙi. Da ta tambaye shi da ya faɗa mata, amma ina, sai ta ja surukar gefe. Ta rubuta cewa tsoho ya fara ruɗewa yana cizon ƙarafa, a raba shi da kayan tsini, kada ya ƙara fita shi kaɗai.

Ɗansa ba mugu ba ne, takarda mai hatimi ce yake jin tsoro. Ya rufe shagon tsohon, ya ɗauke akwatin kayan aiki.

Wata biyar Mai Agogo ya yi a kujerar bakin taga. Ana kawo masa abinci a kan lokaci, ana yi masa ihu a ka da sunan gaisuwa, ba mai zama. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai. Abin da ya riƙe shi ɗaya ne, ran da kunnen ya buɗe zai karɓi akwatinsa.

Ranar awon jini surukar ta ajiye shi a layi ta wuce kasuwa. Wata nas mai furfura, wadda ita ma ake jira ta ajiye aiki, ta ja kujera ta zauna a gefensa na hagu.

"Yaya, me ya samu kunnen?"

Sai da ya waiwaya ya ga ko da wani take. Ya ba ta labari tun daga Talata. Ta leƙa, ta ja tsaki.

"Datti ne ya daskare. Wa ya duba maka?"

"Ke ce ta farko."

Ta ɗiga masa magani, ta sa ya jira, ta wanke da ruwan ɗumi. Abin ya fito, duniya ta afko masa gaba ɗaya, har ƙarar fanka ta ba shi tsoro.

"Ƙanwata, agogon hannunki yana ɗingishi," ya ce. Ta yi dariya, shi kuwa hawaye ne suka zo masa.

A mota bai faɗa wa surukar ba, so yake ɗansa ya fara ji. Ya zauna a kujerarsa yana shirya magana har ɗan ya dawo daga aiki. Bai kai ga buɗe baki ba sai ya ji surukar tana cewa, "Kullum sai ya yi zancen akwatin nan."

"Ki ce masa yana ajiye," in ji ɗan, a gabansa, ko rage murya bai yi ba. "Tun watan jiya na bai wa mai gwangwan. Me Baba zai ƙara yi da shi?"

Sannan ya sunkuyo, ya ɗaga murya yadda ya saba. "Baba, yaya asibiti?"

"Da sauƙi," in ji Mai Agogo.

Suka shige ciki. Ya zauna yana sauraron agogon bangon falo, yana jin daidai inda ciwonsa yake.