Taɓaryar Aro

Ina tankaɗe da hantsi sai ƙasa ta girgiza, tulun da ke gindin bango ya rabe biyu. Kafin in miƙe, hayaƙi mai warin farar wuta ya rufe unguwarmu ta Birni, azara da ɓaraguzan bango na zubowa a tsakar gida.

Kowa ya san daga ina ne. Bango ɗaya ya raba mu da gidan Malam Inusa, mai haɗa wa fada albarushi. Shekara ashirin yana dakan gawayi da farar wuta a rumfar bayan gidansa, ko gashin gira bai taɓa ƙonewa ba. Dokarsa ɗaya ce, ƙarfe ba ya shiga rumfar nan don gudun tartsatsi. Ko allura ce a hularka, sai ka cire ta a bakin ƙofa. Mukan yi masa tsiya cewa ya fi mai jego tsoron iska.

Abokan aikinsa biyu, Suma'ila da Gana, nan take suka cika. Shi kuwa aka zaro shi da rai, fatar hannuwansa ta saɓule.

Da la'asar ina share ɓaraguzai, tsintsiya ta turo wani abu. Zoben ƙarfe ne, ya yi baƙi. Na ɗauka na jujjuya shi, na gane shi. Bara taɓaryata ta tsage, maigidana da yake maƙeri ne ya ɗaure bakinta da wannan zobe, ni kuma na naɗe shi da fata don kada tsatsa ta ɓata mini gari. Da safiyar ranar nan, Sakina, matar Malam Inusa, ta leƙo ta kan bango.

"Indo, ara mana taɓarya. Ta su Malam ta karye, ga fada na jiran kaya kafin mayaƙa su fita."

Na miƙa mata ina sauraron kukan ɗana. Wallahi zoben bai faɗo mini a rai ba.

Kwana biyu ina ɗauke da shi a bakin zane. Tsoro nake ji Malam ya tafi ban nemi gafararsa ba, ina kuma tsoron idon Sakina. A rana ta uku na kai kunu. Yana kwance a kan ganyen ayaba, an shafe shi da magani. Da Sakina ta fita ɗebo ruwa, na durƙusa daga bakin ƙofa na kwance bakin zanen.

"Malam, ka yafe mini. Taɓaryar nan akwai ƙarfe a cikinta."

Ya daɗe yana kallon zoben.

"Na sani," ya ce. "Tun bugun farko na ji muryarsa. Shekara ashirin, a ce ban san kukan itace ba? Na ce bari dai in ƙarasa turmin nan."

"Don ka sanyaya mini rai kake faɗa."

"Ke dai ba a raba ki da gardama." Ya yi kamar zai yi dariya, tari ya hana shi. "Na yafe. Amma ita ce ta kawo ta da hannunta, Indo. Kada ta sani."

Washegari bayan azahar ya rasu. Har yau ban san ko gaskiya ya gaya mini ba. Mutumin da ke cire wa baƙo allura, shi ne zai ji ƙarfe ya ci gaba da daka? Wani lokaci na yarda, wani lokaci in ƙi. Zoben dai na jefa shi cikin tarkacen maƙera, maigidana ya narkar bai sani ba.

Bayan sadakar bakwai Sakina ta shigo ta inda bango ya faɗi, da ƙwaryar gero a hannu.

"Turminmu ya tafi," ta ce. "Kuma na ci miki taɓarya."

"Bar zancen nan. Kawo."

Da can mukan yi lugude, taɓarya biyu a turmi ɗaya, har maƙwabta su san mu ne. Yanzu guda ta rage. Na yi bugu goma na miƙa mata, ta yi nata ta miƙo mini, kaji suna tsintar abin da ya fallatsa a tsakaninmu.