Jan Fenti a Bayan Bel

Bel ɗin taimin, wanda ke juyawa a cikin injin mota, ya tsinke wa Yaro tsakanin Aliero da Jega, tsohuwar motarsa mai shan gas tana maƙare da albasa. Sati biyu ke nan da ya sayo sabo ya damƙa wa Nuraddeen, bakanike kuma abokinsa tun ƙuruciya, ya ɗaura masa.

Da aka jawo motar gareji, Nuraddeen ya kwance murfin injin, ya zaro tsinkakken bel ɗin yana girgiza kai. "Kayan yanzu ba su da ƙarko, abokina."

Yaro ya karɓa ya jujjuya shi. Shi kuwa duk abin da ya saya sai ya ɗiga masa jan fentin da yake yi wa buhunan albasarsa shaida, ko tukunyar matarsa ba ta tsira ba. Wannan babu ɗigo ko ɗaya, tsohon da ya zo da motar ne aka mayar masa.

Sai ya taka zuwa motar Nuraddeen mai jigilar Maiyama, wadda aka bar injinta a buɗe. Ga ɗigo uku ja a bayan bel ɗinta, sun ɗan dushe.

"Naka dai shina da ƙarko," in ji Yaro. "Ni niz zaɓo shi."