Marainiya Mai Uwa

"Wannan 'yata ce," in ji matar da ke zaune kusa da ni a bas, ta ɗora yatsa a fuskar wayata.

Na yi mata murmushi. Na ɗauka turancinta ne ya gaza, wanda ta ce ta tsinta lokacin da take shara a otal. A hoton ni ce durƙushe, wata yarinya 'yar shekara takwas cikin kayan rawa masu ruwan zinariya ta rataye a wuyana.

"A'a, Inna, marainiya ce. Jiya muka ɗauka a gidan marayu."

"Sunanta Sreyleak. Akwai tabo a gefen haɓarta, zakara ne ya yage ta. Ni na haife ta."

Na ƙara girman hoton. Ga tabon nan.

Wata huɗu ke nan ni da mijina Eskil muna kan hanya da jakunkunanmu a baya. Shi kafinta ne, ni malamar firamare, daga garin Tromsø muke. Tun da muka sauka a Bangkok muka yi alkawarin ba za mu sake hawa jirgin sama ba. Mun ratsa Laos a bas da kwalekwale, mun kwana biyu a kan kogin Mekong, mun sha zagayen tsofaffin wuraren bauta na Kambodiya har takalman Eskil suka buɗe baki. Muna ji da kanmu cewa mu ba irin turawan otal ba ne. Shi ya sa da mai adaidaita ya ce akwai gidan marayu da ake rawa da rana, ban yi shawara da kowa ba. Mun je, mun tafa, mun zuba abin da muka zuba a akwati, na fito ina share hawaye.

Matar ta ce sunanta Chanthou. Shekara uku da suka wuce ambaliya ta kwashe shinkafarsu, sai ga wani mutum a mota ya shigo ƙauye yana neman yaran da zai sa a makaranta: turanci, littattafai, abinci sau uku. Ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa. Tun daga nan sau biyu a shekara ake barinta ta ga yarinyar.

"Jiya na yi awa shida a mota," ta ce. "Mai gadi ya tare ni a ƙofar baya, wai akwai baƙi turawa. Na zauna ƙarƙashin mangwaro ina jin kiɗa, ina jin ana tafi. Da yamma ya ce in dawo sabuwar shekara."

Na dubi tafin hannuna. Mu kaɗai ne baƙin jiya.

"Inna, kina son ta dawo gida?"

"Ko ruwan shinkafa za mu sha. Yanzu an yi mana makaranta a ƙauye. Sau uku ina roƙon shugaban gidan, ya ce takarda ta hana."

Na taɓa Eskil, wanda ya cire hula daga fuska yana sauraro.

"Tuva, na san wannan kallon," ya ce. "Kwana ɗaya ya rage a bizarmu. Iyaka tana gaba, ba baya ba."

"To ka je, ka gaishe min da ita."

"Haka kika ce ranar da kika sa muka bi hanyar nan ta tsauni, na kwana uku ina gudawa."

"Ai ba ka mutu ba."

Ya yi ajiyar zuciya, ya miƙe da tsawon nan nasa har kansa ya bugi rufi, ya daki jikin motar. "Direba, akwai sauka!"

* * *

Shugaban gidan, wani mai suna Vuthy, ya tare mu da fara'a a tsakar gida cikin farar riga mai guga. Da ya hango Chanthou a bayanmu, fara'ar ta ɗauke kamar an kashe fitila. Ya yi mata magana da yarensu, da sauri, ƙasa-ƙasa. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Jiya ka ce mana iyayen yarinyar nan sun mutu," na ce.

"Madam, zauna ki sha ruwa."

"Ba na jin ƙishi."

Ya dube ni sama da ƙasa, da jakata da takalmana masu ƙura, sannan ya yi 'yar dariya. "Kin taɓa ganin Bature ya buɗe jakarsa saboda yaro mai uwa? Na gwada. Na ce 'ya'yan talakawa ne, kuka wuce. Na ce marayu, kuka zo kuna kuka. Ku kuke son marayu, Madam. Ni nemo muku kawai nake yi."

Maganar ta shige ni har ƙashi, don ba ƙarya ya yi ba. Amma shekara goma sha ɗaya na yi a gaban aji, na san yadda ake jiran mai taurin kai.

"Ƙarfe nawa baƙin yau za su zo?"



"Biyu," in ji Eskil. "Yana rubuce a bakin ƙofa."

"Madalla. Za mu zauna a can tare da ita. Duk wanda ya sauko daga mota, zan gabatar masa da uwar marainiya, ya yi hoto da su biyun."

Eskil ya sauke jakarsa a tsakiyar ƙofa, ya zauna a kai, ya fara ɓare ayaba. Ya miƙa wa mai gadi ɗaya. Vuthy ya duba agogo. Biyu saura kwata.

Aka fito da Sreyleak, an riga an shafa mata hoda. Shugaban ta fara kallo kafin kowa. Sannan ta juyo wurina, ta rera abin da aka haddace mata da turanci: "Ba ni da uwa, ba ni da uba, na gode da zuwanku."

Chanthou ta durƙusa. Ta faɗi wata kalma guda, a hankali, irin sunan da ba a kiran yaro da shi sai a cikin ɗaki.  Hawaye suka yi layi biyu a cikin hodar.

Vuthy ya sa aka cire mata kayan rawan, ya ce na gida ne. Ya yaga takardar da Chanthou ta dangwala wa yatsa ya watsar. Yara fiye da ashirin na leƙenmu ta taga. Chanthou ta nuna min biyar daga cikinsu da haɓa.

"Wannan uwarta tana sayar da kifi. Wancan, ubansa maƙwabcin yayana ne."

Muna fita, motar baƙi tana shigowa. Na tsaya na faɗa musu gaskiya duk da haka. Biyu suka koma mota. Sauran suka shiga.

* * *

Mun kai sunayen yara biyar ɗin wani ofishin kula da yara a cikin gari. Matar da ke wurin ta rubuta komai, ta ce ba mu ne na farko ba. Bizarmu ta ƙare, aka ci mu tara daga baya a iyaka, Eskil ya biya ba tare da ƙorafi ba.

Washegari da safe muka raka su tasha. Sreyleak na sanye da rigar Eskil mai gajeren hannu, ta kai mata har gwiwa. Ta zauna kusa da uwarta a benci, a sandare, kamar baƙuwa, tana cin shinkafar da aka dafa a cikin gora, wadda uwar ta kawo mata, ta kwana biyu tana jiranta.

Wata bas ta tsaya. Wata budurwa Baturiya mai jan gashi ta sauko da jaka a baya, tana neman hanya, ko kallonmu ba ta yi ba. Sreyleak ta ajiye abincin, ta miƙe tsaye, ta washe baki, ta buɗe hannuwa biyu kamar yadda aka koya mata tarar baƙi.

Chanthou ta jawo ta kusa. Ta kama hannun dama ta sauke, ta kama na hagu ta sauke, ta riƙe su a cinyarta har motarsu ta zo.